Gidan Burus na Sikotlan: shekara 900 ana gadon suna, ana gadon bashi

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san akwai yaron da zai shigo hannu wofi, a ɗora masa kayan jika ɗari biyar ba takarda ba shaida, don kawai an san ubansa. Akwai kuma wanda zai zo da kuɗinsa a hannu, amma da ya faɗi gidan da ya fito sai a ƙirga kuɗin sau biyu. Suna jari ne, kuma kamar kowane jari, wani ke tara shi, wani ya ci, wani kuma ya bar wa na baya bashi.

A yau za mu kai masu karatu can arewacin tsibirin Birtaniya, ƙasar Sikotlan, wadda a lakkwal muka sani da sunan Ekos, domin mu bi sawun wani gida guda da ake rubuta sunansa Bruce, a baki kuma a ce Burus. Gidan nan ya haifi sarakuna biyu, da attajirin gishiri, da matafiyin da ya kai Habasha, da gwamnonin mulkin mallaka. Daga cikin abin da suka shuka akwai wanda ake alfahari da shi har gobe, akwai kuma wanda har yanzu ƙasashe ke biyo su bashinsa.

Daga Faransa suka fito

Asalin gidan ba Sikotlan ba ne. Sunan ya samo tushe daga wani ƙauye mai suna Brix a yankin Normandi, arewa maso yammacin Faransa. Kakan gidan, Robat, barde ne na sarki Hanri na 1 na Ingila, wanda ya ba shi filaye masu yawa a arewacin ƙasar. A fadar Hanri ya ƙulla abota da wani yarima ɗan Sikotlan mai suna Debid. Da yariman ya hau gadon sarautar ƙasarsa a shekara ta 1124, sai ya ba abokinsa yankin Annandale, a bakin iyaka da Ingila. Daga nan gidan ya zama mai ƙafa biyu, ɗaya a Ingila, ɗaya a Sikotlan. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1138, uba yana cikin rundunar Ingila, ɗansa yana cikin ta Sikotlan.

Aure ne ya kai su ga jinin sarauta. Wani jikan gidan ya auri Isabel, ƴar gidan sarautar Sikotlan, kuma ɗansu ne ya fara neman gadon mulki. A 1286 sarki Alekzanda na 3 ya faɗo daga kan doki cikin dare ya mutu. Magajiyarsa jika ce ƴar ƙarama da ke ƙasar Norwe, ita ma ta rasu a hanya a 1290 tana da shekara 7. Mutum 13 suka fito neman sarauta, cikinsu har da tsoho Robat Burus. Magabatan ƙasar suka roƙi sarki Edwad na 1 na Ingila ya raba gardama, shi kuwa ya zaɓi Jon Baliyol a 1292. Bayan shekara huɗu Edwad ya shigo da yaƙi, ya tuɓe wanda ya naɗa, ya riƙe ƙasar. Mai rabon faɗa ya zama mai gida.

Sarkin da ya fara da kisa a ɗakin ibada

Jikan wancan tsoho shi ne Robat Burus da duniya ta fi sani, wanda aka haifa a 1274. Uwarsa Majori ita ce magajiyar yankin Carrick, kuma ana ba da labari cewa ita ta tsare ubansa a gidanta, ta ƙi sakinsa sai da ya yarda ya aure ta.

Robat bai fara da hannu mai tsabta ba. Ya sha sauya ɓangare tsakanin masu kokowar ƴanci da sarkin Ingila. A watan Fabrairu na 1306 ya gana da abokin hamayyarsa Jon Komin a cikin wani coci a garin Dumfries, gardama ta kaure, ya daɓa masa wuƙa, mutanensa suka ƙarasa shi. Paparoma ya kore shi daga coci saboda wannan aika-aika. Bayan mako shida aka naɗa shi sarki a Scone, inda wata mace, Isabela ta Buchan, ta ɗora masa kambi, domin bisa al'ada aikin gidan ubanta ne, duk da cewa mijinta ɗan uwan wanda aka kashe ne.

Kafin shekara ta zagayo komai ya watse. An ci shi da yaƙi, ya gudu zuwa tsibirai. Turawan Ingila suka kashe ƙannensa maza uku. Suka kama matarsa Elizabet, da ƴarsa Majori, da ƴan uwansa mata biyu. Ƙanwarsa Meri da ita Isabela da ta naɗa shi, an saka kowace cikin keji a wani gidan soja, suka yi shekaru a ciki. Matan gidan su suka fara biyan kuɗin sarautar.

A nan ne ake kawo labarin gizo-gizo. Wai Robat yana ɓoye cikin kogo ya ga gizo-gizo na ƙoƙarin ƙulla saƙarsa, yana faɗuwa yana sake hawa, har ya dace, shi ma sai ya ɗauki aniyar sake gwadawa. Ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa aka jingina masa wannan labari, amma duk ɗan lakkwal a Sikotlan ya san shi. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne ya dawo a 1307, ya daina tarar rundunar Ingila gaba da gaba, ya koma kai hari da dare, yana ƙwace gidajen soja ɗaya bayan ɗaya yana rushe su don kada abokan gaba su sake zama ciki.

Ranakun 23 da 24 ga watan Yuni na 1314 aka yi karon Bannockburn, kusa da garin Stirling. Rundunar sarki Edwad na 2 ta ninka tasa, kuma tana da barade masu sulke. A rana ta farko wani barden Ingila ya sukwano kansa da mashi, Robat ya kauce, ya raba masa kai da gatari. Washegari dakarunsa na ƙasa, riƙe da dogayen masu, a cure wuri guda, suka matse dawakin Ingila tsakanin rafi da taɓo. Edwad ya tsere da ƙyar. Da manyan fursunonin da aka kama aka yi musayar matarsa da ƴarsa, bayan shekara 8 a tsare. Ƙanensa Edwad Burus, shi kaɗai da ya rage cikin maza, ya ƙetara Ailan aka naɗa shi sarki can, aka kashe shi a 1318.

Sai a 1328 Ingila ta amince a rubuce cewa Sikotlan ƙasa ce mai cin gashin kanta, ita kuma Sikotlan ta biya fam 20,000. Robat ya rasu ranar 7 ga Yuni 1329. Bisa wasiyyarsa aka cire zuciyarsa, amininsa Jems Duglas ya ɗauke ta zai kai Ƙudus, amma aka kashe shi a Sipaniya a 1330 cikin yaƙin da sarkin Kastila ke yi da Musulmin Garanada. Aka maido da zuciyar gida aka binne ta a Melrose, gangar jikin kuma tana Dunfermline.

Bashin ɗa, a wuyan masu gashin tumaki

Ɗansa Debid na 2 ya hau sarauta yana da shekara 5. A 1346 ya kai wa Ingila hari domin taimakon Faransa, aka ci shi, aka kama shi, ya yi shekara 11 a hannu. A 1357 aka sake shi bisa fansar mark 100,000, kuɗin wancan zamani, wanda ya kai wajen fam 66,000, a biya cikin shekara 10. Ina ƙasar za ta samo wannan kuɗi? Babbar hajar da Sikotlan ke fitarwa lokacin ita ce gashin tumaki, da ake kai wa masaƙan Filanda a Beljika ta yau. Sai aka yi ta ninka kuɗin duwan a kan kowane buhu, har ya kai ninki huɗu. Kuskuren sarki a fagen fama ya faɗa kan makiyaya da fatake, kuma duk da haka ba a taɓa gama biyan fansar ba.

Debid ya rasu a 1371 bai bar ɗa ba. Sarauta ta koma hannun ɗan yayarsa Majori, wadda ta auri Walta Situwat. Ta wannan mace jinin Burus ya shiga gidan Situwat, wanda ya haɗa sarautar Sikotlan da ta Ingila a 1603, kuma ta nan ne sarki Cals na 3 na yau yake jikan Robat Burus.

Sunan kansa ya ci gaba ta wani reshe na dangi, wanda Debid ya ba ƙasar Clackmannan a 1359. A wannan reshe aka yi wata tsohuwa, Katarin Burus, wadda ta riƙe takobin da ake cewa na sarki Robat ne. A 1787 mawaƙi Robat Bans ya kai mata ziyara, ta ɗora masa takobin a kafaɗa ta naɗa shi barde, bisa hujjar cewa ta fi sarkin da ke Landan cancantar yin naɗi.

Attajirin gawayi da gishiri

Wanda ya fi kusa da zuciyar ɗan kasuwa a gidan nan shi ne Joj Burus, na garin Culross, da ake faɗa Kuros, a bakin teku. A 1575 ya karɓi hayar wasu tsofaffin ramukan gawayin ƙasa da ruwa ya cinye, aka yi watsi da su. Ya kafa wata na'ura da dawaki uku ke juyawa, mai sarƙa ɗauke da guga 36, rabi na sauka wofi, rabi na hawa cike da ruwa. Da ramin ya bushe ya bi jijiyar gawayin har ƙarƙashin teku, sannan ya gina wani ɗan tsibiri na dutse can cikin ruwa, ya huda rijiya ta biyu a tsakiyarsa, yadda jirage ke tsayawa a yi masu lodi kai tsaye daga bakin rami.

Dabararsa ta kasuwanci ita ce bai zubar da komai ba. Manyan dunƙulen gawayi a sayar, ɓarɓashin kuma a hura wuta da shi ƙarƙashin faffaɗan kaskon ƙarfe, a dafa ruwan teku har ya ƙone ya bar gishiri. Jirage na tafiya Holan da sauran ƙasashen arewacin Turai da gawayi da gishiri, su dawo da jan bulon rufin ɗaki, wanda har yau ake gani a kan gidajen garin. Babban gidan da ya gina tsakanin 1597 da 1611 yana nan tsaye, baƙi na shiga kallo. Ana ba da labari cewa sarki Jems ya shiga ramin a 1617 ta bakin gaɓa, ya fito ta rijiyar tsakiyar teku, da ya ga ruwa ta ko'ina sai ya yi ihu an ci amanarsa, sai da aka nuna masa jirgin da ke jiransa. A 1625 guguwa ta rushe rijiyar, shi ma Joj ya rasu a shekarar.

Sai dai arzikin yana da nasa tabo. A 1606 majalisar Sikotlan ta yi dokar da ta ɗaure masu haƙar gawayi da masu dafa gishiri ga iyayen gidansu, ba su da ikon barin aiki sai da izini. A ramukan ƙasar, maza ke sara, mata da yara ke ɗauko gawayin a baya cikin kwando. Sai a 1799 aka gama soke wannan doka.

Ɗan uwan Joj, Edwad, lauya ne kuma jakada, yana cikin waɗanda suka share wa sarki Jems hanyar gadon Ingila. Ɗansa ne aka ba sarautar Elgin a 1633, wata sarautar gargajiya mai kama da ta babban hakimi. Zuriyar lauyan ta ƙare ta wajen maza, a 1747 sarautar ta koma hannun jikokin Joj. Ke nan duk masu riƙe da sunan Lod Elgin daga wannan shekara zuwa yau jikokin mai sayar da gishiri ne.

Matafiyin da aka ƙaryata

Jems Burus na Kinnaird, wanda aka haifa a 1730, ya gaji sunan ta wajen kakarsa mace. Ya fara da kasuwanci a gidan surukansa, amma matarsa ta rasu ƴan watanni bayan aure, sai ya bar harkar. Ya koyi Larabci, ya zama ƙaramin jakadan Birtaniya a Aljeriya a 1763, daga nan ya nufi Masar da Bahar Maliya, ya isa Gondar, fadar Habasha, a farkon 1770. Ya samu shiga a fada saboda jinyar masu cutar agana da ya yi. A watan Nuwamba na shekarar ya kai maɓuɓɓugar Shuɗin Nilu, kogin nan da garin Mai Wurno na Sudan ke bakinsa. Ya ɗauki kansa Baturen farko da ya isa wurin, alhali wani limamin Kirista ɗan Sipaniya, Pedro Payes, ya riga shi da shekara 150 da ɗoriya, mutanen ƙasar kuwa sun san ruwansu tun kaka da kakanni.

Ya dawo ta Sennar da hamadar Nubiya, inda raƙumansa suka mutu, ya isa Landan a 1774. Da ya ba da labarin abin da ya gani, musamman yadda aka yanki nama daga jikin saniya mai rai aka ci ɗanye, sai manyan gari suka mai da shi abin dariya. Ya yi fushi ya koma gidansa, bai fitar da littafin tafiyarsa ba sai a 1790, cikin juzu'i 5. Mutumin da ya tsira daga hamada da yaƙe-yaƙen Habasha ya mutu a 1794 sanadin faɗuwa daga matakalar gidansa. Matafiyan da suka bi sawunsa daga baya sun tarar mafi yawan abin da ya faɗa gaskiya ne.

Cinikin duwatsun Atina

Tomas Burus, Lod Elgin na 7, shi ne ya jawo wa gidan rigimar da ba ta mutu ba. A 1799 ya auri Meri Nisbet, ƴar wani babban mai dukiya, kuma aka tura shi jakada Istambul, fadar sarkin Turkawa, waɗanda ke mulkin ƙasar Girka a lokacin. A birnin Atina akwai wani tsohon ɗakin bauta mai suna Partenon, da aka gina fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, an ƙawata shi da sassaƙen farin dutse. Da farko niyyar Elgin ita ce a zana sassaƙen a kwaikwayi siffarsu. Amma daga 1801 ma'aikatansa suka shiga ɓanɓaro su daga jikin ginin, wasu har da zarto, suka kwashe kusan rabin abin da ya rage. Ya ce yana da takardar izini daga Turkawa. Ba a ga asalin takardar ba, fassararta ta Italiyanci kawai ke akwai, kuma har yau masana na gardama a kan ko ta ba shi ikon cire dutse daga bango.

Ta fuskar kasuwanci, cinikin faɗuwa ne tun daga farko. A 1802 jirginsa ɗaya ya nutse da akwatunan duwatsu, aka yi shekara biyu ana biyan masu nutso kafin a tsamo su. A hanyarsa ta komawa gida a 1803 yaƙi ya sake tashi, Napoleyon ya tsare shi a Faransa har 1806. Aurensa ya mutu a 1808, dukiyar matar ta tafi da ita. Bisa lissafinsa ya kashe sama da fam 74,000. A 1816 gwamnatin Birtaniya ta saye duwatsun a kan fam 35,000, ko rabin jarinsa bai kai ba, aka ajiye su a babban gidan tarihi na Landan. Ya mutu a Paris a 1841, masu bashi na bin sa.

Tun yana raye wasu ƴan ƙasarsa, irin su mawaƙi Bairon, suka kira abin da ya yi ɓarna. Masu kare shi na cewa ya ceci duwatsun daga lalacewa. Girka ta shigar da buƙatar a maido mata kayanta a hukumance a 1983, ta buɗe sabon gidan tarihi a Atina a 2009 inda aka bar gurbin waɗanda ke Landan. A Nuwamba 2023 firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya soke ganawa da takwaransa na Girka saboda wannan magana. Irin wannan kokowa ce ƙasashen Afirka ke yi a kan nasu kayan tarihi: a 2021 Faransa ta maido wa jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abome, jami'ar Aberdeen ta Sikotlan kuma ta maido wa Najeriya wani kan tagulla na masarautar Bini.

Ɗa ya ƙona fada, jika ya riƙe ofishin mallaka

Ɗan Tomas, Jems, Lod Elgin na 8, ya gaji sarauta da tarin bashi, abin da ya sa ya ƙare rayuwarsa yana aikin albashi a ƙasashen waje. Ya yi gwamnan Jamaika daga 1842, sannan babban gwamnan Kanada daga 1847 zuwa 1854. A Kanada ana tuna shi da alheri. A 1849 majalisar ƙasar ta amince da wata dokar diyya da masu jin Ingilishi ke ƙi, domin za ta amfani masu jin Faransanci da yawa. Ya sa mata hannu bisa hujjar cewa zaɓaɓɓu ne suka yi ta, ba nasa ba ne ya hana. Masu zanga-zanga suka jefi keken dokinsa da duwatsu da ruɓaɓɓen ƙwai, suka ƙona majalisar a Montreyal, amma bai janye ba. A 1854 ya ƙulla yarjejeniyar da ta cire kuɗin duwan a kan hatsi, katako, kifi da gawayi tsakanin Kanada da Amurka.

A ƙasar Sin kuwa sunansa abin tsinuwa ne. Shi ne wakilin Birtaniya a yaƙin da ita da Faransa suka yi da Sin daga 1856 zuwa 1860, yaƙin da ya tilasta buɗe ƙarin tashoshin jiragen ruwa ga fataken Turai, ya kuma halatta shigar da ƙwayar maye ta ofiyom. Wasiƙun da ya rubuta wa matarsa sun nuna shi kansa yana jin kunyar yaƙin. Duk da haka, a Oktoba 1860, bayan da Sinawa suka azabtar da wata tawagar Turawa da sojojin Indiya da suka kama har kusan rabinsu suka mutu, ya ba da umarni a ƙona fadar shaƙatawa ta sarkin Sin da ke wajen Bejin, bayan sojojin ƙasashen biyu sun wawashe ta. Ɗaruruwan gine-gine da lambuna suka tafi cikin wuta. Sinawa sun bar kangon yadda yake, ana kai yara su gani. A 2009 aka fito da kawunan tagulla biyu na fadar a wani gwanjo a Paris, rigima ta tashi, sai a 2013 aka mayar da su. Shi Jems ya zama wakilin sarauniya a Indiya a 1862, ya mutu can a 1863.

Ɗansa Biktor, Lod Elgin na 9, ya riƙe wannan muƙami na Indiya daga 1894 zuwa 1899. A zamaninsa aka yi yunwar 1896 zuwa 1897, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya a yankunan da Birtaniya ke mulka kai tsaye, kuma an zarge shi da jan ƙafa wajen kai agajin cimaka. Daga ƙarshen 1905 zuwa 1908 ya zama ministan ƙasashen mallaka, matashi Winston Cocil na mataimakinsa.

A nan labarin gidan ya taɓo mu. Najeriya ta Arewa tana ƙarƙashin ofishinsa lokacin da aka yi boren Satiru, kusa da Sakkwato, a Fabrairu 1906. Cikin jagororin boren akwai malamin nan Ɗan Makafo, wanda ya ƙetaro daga ɓangaren Faransa bayan tashin Kobkitanda a yankin Dosso. Mutanen ƙauyen suka kashe Turawa uku da sojojinsu, a watan Maris kuma rundunar Lugga ta shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Cocil ya nuna damuwa a rubuce a kan yawan kisan mutanen da ba su da makamin kirki. A watan Mayu na wannan shekara Ingila da Faransa suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, daga bisani tawagar kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi. Iyakar da fatakenmu ke ƙetarewa a Ɗan Isa da Ƙonni ta samu kusan siffarta ta yau ne a shekarun da jikan mai duwatsun Atina ke riƙe da ofishin mallaka.

Abin da ya rage

Gidan yana nan a Broomhall, kusa da Dunfermline inda kabarin sarki Robat yake, kuma takobin nan na tsohuwa Katarin yana hannunsu. Andiru Burus, Lod Elgin na 11, ya yi yaƙin duniya na biyu, aka ji masa mummunan rauni a 1944 a Normandi, yankin da kakanninsa suka baro ƙarni takwas kafin nan. Ya cika shekara 100 a 2024. Ƙasar da Robat ya ƙwato kuwa ta haɗe da Ingila ƙarƙashin majalisa guda tun 1707. A 2014, shekara 700 cif bayan Bannockburn, aka tambayi ƴan Sikotlan ko suna son ɓallewa, kashi 55 cikin ɗari suka ce a'a.

Idan ka ambaci Burus a Sikotlan, za a nuna maka mutum-mutumin sarki bisa doki. Idan ka ambaci Elgin a Kanada, za a nuna maka tituna da gundumomi masu sunansa. A Atina da Bejin kuwa gara ka yi shiru. Duk gida ɗaya ne, kuma jikokin da ke raye yau ba su ɓanɓari dutse ba, ba su kunna wuta ba, amma da su ake tambaya duk lokacin da maganar ta taso.

Ƴan uwa masu rumfa da masu tebur, mu ma yawancinmu sunan wani muke ci, na uba ko na uwa ko na maigidan da ya koya mana ciniki. Mudun da aka tauye yau, da bashin da aka hana, da amanar da aka riƙe ba mai gani, duk suna shiga littafin da ƴaƴanmu za su tarar ranar da suka zo neman kaya ba kuɗi a hannu. Allah ya sa mu bar masu sunan da za a ɗora masu kaya saboda shi, amin.